Tulba ko ribon, wanne ya fi daɗin aikin taswira?

Ɗan Bukur:
Salam jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman ra'ayin manya. An ba ni aikin koyar da wasu sabbin ma'aikata harkar taswira a nan Jos, yawancinsu Word da Excel kawai suka sani, ofis ɗin kuma suna da lasin na manhajar taswira ta ArcGIS Pro amma ni hannuna ya fi faɗawa a wata manhajar, QGIS. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne fuskar manhajar, wato faffaɗan layin nan na sama mai shafi-shafi irin na Word da ake ce wa ribon wanda Pro ke da shi, da kuma ƙananan tulba irin na QGIS da tsohon ArcMap da mutum zai ja ya ajiye inda ransa ke so. Wanne ya fi wa mai koyo, wanne kuma ya fi wa wanda zai zauna tun safe har la'asar yana zana gidaje? Ba maganar kuɗi ko lasin nake ba dan Allah, wannan mun sha yin ta a gidan nan har an gaji.

Baba Safiyo:
Wa alaikumus salam. Ɗana ni tun zamanin ArcView 3 nake wannan harka, kafin ArcMap ya zo a 1999, kuma abin da zan gaya maka shi ne hannu yana da tasa haddar daban da ta kai. A ArcMap na jera Editor da Snapping da Georeferencing a sama, Tools kuma na tsayar da shi a gefen hagu, ko ido a rufe na san inda kibiya take na san inda ma'auni yake, jiya suna nan yau suna nan gobe ma in Allah ya kai mu suna nan. Shi kuwa ribon ka taɓa leya, wato rukuni ɗaya na abin da ke kan taswira kamar tituna ko gidaje, ya canza fuska, ka taɓa hoto ya sake canzawa, ka shiga wajen tsara takardar bugawa ka nemi abin da kake gani ɗazu ka rasa. Tela ne da ya saba almakashi na dama alli na hagu, sai wani ya zo kullum yana kwashe masa su yana zubawa a durowa wai gyara yake masa.

Maman Ilham:
Baba barka da yamma, Allah ya ƙara girma. Ni kam ba da kai nake ba amma Hausawa sun ce sabo turken... sauran ba zan ƙarasa ba hhhh

Baba Safiyo:
Ƙarasa mana 'yata, ai mun ji wanda ya fi wannan.

Maman Ilham:
A'a Baba a yi haƙuri. Amma gsky wannan canza fuskar da kake kuka da ita ni ita ce ta sa na so Pro. Mu aikinmu taswirar asibitoci ne da rugage da ƙauyuka don masu rigakafi, kullum cikin saka sunaye muke a kan ɗigo-ɗigo. A ArcMap in zan saka suna sai na danna leyar da dama, na shiga Properties, na nemi Labels, na zaɓi filin suna, na danna Apply, na ja tagar gefe don in ga ko ya yi, bai yi ba na dawo na sake. A Pro ina taɓa leyar shafuka uku za su fito a sama, Feature Layer da Labeling da Data, ina canza girman rubutu ina ganin shi yana canzawa a kan taswirar nan take. In hoton tauraron ɗan'adam na taɓa sai na hoto su fito na ɗigo su ɓace, toh me zan yi da kayan saka suna alhali hoto nake gyarawa? Abin da ba ya amfani a lokacin ya kauce min daga ido, ni wannan ba ɓata kaya ba ne.

Abba Kofa:
Anti ku da kuke da manyan sikirin ne kuke wannan magana wlh. Ni laftof ɗina ɗan Beljiyom ne, 1366 a 768, in na buɗe Pro ribon ya ci sama, Contents ya ci hagu, Catalog ko Symbology ya ci dama, in na ƙara buɗe tebur a ƙasa abin da ya rage na taswira bai fi tafin hannu ba, Unguwar Rogo gaba ɗaya sai ka gan ta ta wani ɗan lungu kana ta ja kana ta ja. A QGIS ina kwashe tulba ɗin in tsayar da su a gefe tunda faɗi ne nake da shi tsawo ne babu, ribon kuwa ba a tsayar da shi a gefe, sama aka dasa shi sama zai zauna.

Na Wuse:
Ƙanina danna Ctrl da F1 ka gani, ribon zai naɗe ya bar sunayen shafuka kawai, in ka taɓa ɗaya ya sauko ka ɗauki abin da kake so ya koma. Sannan akwai ɗan siririn layin nan na can sama Quick Access, duk abin da kake yawan amfani da shi danna shi da dama ka tura shi can, shi ba ya motsi ko wane shafi kake. Mutane da yawa masu zagin ribon ba su taɓa shiga Options sun ga Customize the Ribbon ba, har shafinka na kanka za ka iya haɗawa ka sa masa suna ka zuba kayan da kake so a ciki. Ni ina da nawa, na haɗa zaɓe da awo da gyaran kusurwa da adanawa wuri ɗaya. Kuma gsky Pro sikirin biyu yake so, tebur a ɗaya taswira a ɗaya.

Abba Kofa:
Oga sikirin biyu da wace wutar? Batirin laftof nake lallaɓawa tun da aka ɗauke jiya hhhh. Mutanen Abuja ku dai ku ji tsoron Allah.

Baba Safiyo:
Tsaya Na Wuse. Ka ce ka haɗa shafinka na kanka ka zuba kayanka wuri ɗaya, ka kuma tura wasu can sama inda ba sa motsi. Toh me ka yi kenan in ba tulba ka ƙera wa kanka ba? Ka sha wahala ka dawo inda muke tun farko.

Na Wuse:
Ranka ya daɗe ba haka ba ne, ni na ƙera nawa ne bayan na san aikin, amma wanda bai sani ba yana buɗewa zai tarar da komai a jere da sunansa a rubuce a ƙasa. Tulba kuwa 'yan hotuna ne ƙanana ba suna ba komai, sai ka ɗora linzami a kai ka jira rubutu ya fito kafin ka san wannan fensir ne ko wuƙa.

Malama Jogarafi:
Assalamu alaikum, na shigo a makare. Bari in ba da nawa a matsayin wadda ke tsayawa gaban ɗalibai. Shi ribon ba masu taswira suka ƙirƙiro shi ba, Microsoft ce ta fito da shi a Office 2007, kuma dalilinsu shi ne tulba na Word 2003 sun haura 30, abubuwa sun yi yawa har mutane suna rubuto musu suna roƙon a saka abin da tuni yana ciki ba su dai gan shi ba ne. Lokacin ma an yi irin wannan surutun, waɗanda suka ƙware suka yi ta ƙorafi, kuma sai a Office 2010 aka ba mutane damar gyara shi yadda suke so. Daga nan AutoCAD 2009 ya ɗauka, MapInfo ya ɗauka da ya koma 64-bit, Esri, kamfanin da ya yi ArcMap, kuma ta fito da Pro a farkon 2015 da shi. Kenan matsalar da aka yi shi dominta ita ce neman abu, ba saurin aiki ba, wannan a raba su.

Amma abin da ya fi damuna ni daban ne. A ɗakin kwamfuta na makaranta na'ura ɗaya mutum nawa ke zama a kanta a mako? Ɗalibin safe zai ja tulba ya yar a tsakiyar sikirin, na rana ya zo ya ga tana tare masa ya danna ya rufe ta, na yamma ya zo ina cewa ku danna fensir ɗin nan mai ruwan ɗorawa ku fara gyara, sai hannuwa su tashi, Malama nawa babu fensir, Malama nawa babu Layers gaba ɗaya. Rabin darasin zai tafi ina zagayawa ina danna dama a sama ina mayar musu da abin da aka rufe. Sannan yaro zai buɗe YouTube ya ga na mai koyarwar daban nasa daban sai ya ɗauka shi ne bai iya ba. A ribon ina cewa shafin Edit, kowa shafin Edit ɗinsa yana wuri ɗaya. 'Yancin jan kaya yana da daɗi ga mai na'urarsa shi kaɗai, a na'urar taron jama'a kuwa fitina ce.

Ɗan Bukur:
Malama wlh kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi, don nan ma kwamfutocin na haɗaka ne, mutum biyu uku a kan ɗaya.

Injiniya:
Malama da Ɗan Bukur wannan ai tana da magani tun QGIS 3.0 da ya fito a 2018, mutane ne ba sa dubawa. Ku shiga Settings za ku ga User Profiles, kowa a buɗe masa nasa da sunansa, tulba ɗinsa da fulogin ɗinsa, wato ƙarin kayan aikin da ake saukewa a haɗa da manhajar, da komai nasa daban, wanda ya hargitsa nasa shi ya sani. Na biyu a Settings ɗin dai akwai Interface Customization, nan za ka ga jerin duk wani menu da tulba da maɓalli, ka cire alamar duk wanda ba ka so mai koyo ya gani, ka adana shi a ɗan ƙaramin fayil na ini ka sa a filashi ka zagaya da shi duk na'urorin. Na taɓa shirya wa wasu yara da za su zana kududdufan da haƙar kuza ta bari tsakanin Bukur da Barikin Ladi daga hoton sama, abin da na bar musu kawai fensir na fara gyara, maɓallin zana fili, maganaɗisun nan ja na manne kusurwa, na gyaran kusurwa, na adanawa, sai hannu na ja da gilashin zuƙowa. Layi ɗaya tak a sama sauran duk taswira ce. Ba wanda ya tambaye ni ina kaza yake don babu kazan ma balle ya ɓace. A ribon ko ka yi naka shafin sauran suna nan suna kallon yaro sai ka bi su ɗaya-ɗaya ka kashe, ana yi ban ce ba a yi ba, har fitar da tsarin ake a kai wata na'ura, amma ni na ga na QGIS ya fi yankewa har ƙashi.

Malama Jogarafi:
Injiniya na ji, kuma na san da su. Sai dai yaron da ka ɓoye wa komai ka bar masa maɓalli bakwai, ran da ya bar wajenka ya buɗe cikakkiyar manhaja zai tsaya yana kallo ne kamar bai taɓa gani ba. Kai ma'aikata kake so su gama maka kwangila, ni ɗalibi nake so ya yi yawo a ciki ya ci karo da abin da ban koya masa ba.

Injiniya:
Wannan kuma gaskiya ne Malama, kowa da abin da yake nema.

Maman Ilham:
Kuma Injiniya ka faɗi na daɗin ka bar na ɗacin. QGIS ɗin da na gani a na'urorin mutane ba layi ɗaya ba ne, layi huɗu ne biyar a sama, don duk fulogin da mutum ya sauke sai ya zo da nasa 'yan hotunan, QuickMapServices da QuickOSM da wannan na rarraba hoton tauraro SCP shi kaɗai ma gari guda ne, ga na Vector ga na Raster ga na Mesh ga na Database da ba a taɓa dannawa ba tun da aka saka manhajar. In wuri ya ƙare sai sauran su maƙale bayan 'yar kibiyar nan biyu ta ƙarshen layi sai ka danna ta kafin ka gan su. Toh wannan da ribon wanne ya fi cin sikirin? Ana cewa za a iya gyarawa, eh za a iya, amma mutum nawa ne ke gyarawar? Yawanci yadda ta zo haka ake barin ta har na'urar ta mutu.

Abba Kofa:
Anti kamar kin leƙo nawa wlh, layi huɗu ne cif. Amma in na matsu Ctrl da Tab nake dannawa duk allunan gefe su ɓace, in na haɗa da Shift har tulba ɗin su tafi taswira kawai ta rage, na gama dubawa na sake dannawa su dawo.

Baba Safiyo:
Ku bar maganar faɗin sikirin ku zo maganar aiki. Mai zana gidaje a unguwa irin Gangare ko Dilimi inda gini ke manne da gini, a wuni zai danna linzami sau dubbai. Yana zana fili, ya ga kusurwa ta kauce ya gyara, ya auna faɗin lungu, ya zaɓi wani ya raba shi biyu, ya koma zane. A tulba duk waɗannan suna gabansa lokaci ɗaya, danna ɗaya kowanne. A ribon awo yana shafin Map gyara yana shafin Edit, kenan ka je ka dawo, danna biyu maimakon ɗaya, kuma ido sai ya bar taswira ya hau sama ya karanta. Ga wanda zai yi taswira ɗaya ya kai wa oga ba komai ba ne, ga wanda ake biya da yawan filayen da ya zana kuwa wuyan hannunsa ne zai gaya masa da daddare.

Na Wuse:
Baba a nan kam na ba ka rabi. Amma su ma sun san da haka shi ya sa in ka fara zane a Pro wata 'yar tulba take fitowa a ƙasan taswirar da kayan layi da lanƙwasa da bin gefen wani fili da gamawa, maganaɗisun ma yana nan ƙasa ta hagu ba sai ka hau sama ba. Sannan kana cikin zane ka riƙe C ka ja taswira, Z ka zuƙo, X ka ja baya, ka saki ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Baba Safiyo:
Ka ji ko, 'yar tulba take fitowa. Ni dai ban ce komai ba.

Injiniya:
Hhhh Baba ya kama ka Na Wuse. Amma tsakani da Allah duk wanda ya yi nisa a aikin nan ba sama yake kallo ba, kibod yake bugawa. Ku dubi safiyoyinmu masu AutoCAD, ribon ya zo musu tun tuni, an ma cire tsohuwar fuskar daga jerin zaɓi a na 2015, me suka yi? Wasu suka buga RIBBONCLOSE suka rufe shi suka ci gaba da PL da TR da O a layin umarni kamar ba abin da ya faru, ka tsaya bayan mai zana fulan ɗin fili a kusa da sakatariya ka ga hannun hagunsa, ko kallon allon ba ya yi. A QGIS ni ma haka nake, Ctrl da K in rubuta buf kafin in ƙarasa Buffer ya fito, in rubuta sunan leya ya kai ni, F6 tebur ya buɗe, S maganaɗisu ya kunnu ko ya mutu, Ctrl Alt T akwatin kayan aiki. Wanda babu shi kuma in shiga Keyboard Shortcuts in ba shi harafin da nake so.

Maman Ilham:
Mu ma muna da shi ai, Alt da Q, tun 2.8 aka saka, ka rubuta sunan abu ya kawo maka ko a wane shafi yake ɓoye. In ka danna Alt shi kaɗai kuma haruffa za su fito a kan kowane shafi irin na Excel.

Malama Jogarafi:
Sai dai akwatin nema yana amfani ne ga wanda ya san sunan abin da yake nema. Ɗalibin da bai taɓa jin Dissolve ba me zai rubuta? Dole sai ya fara ganinsa a wani wuri tukuna.

Ɗan Bukur:
Akwai wani abu da nake tsoro da ba a taɓo ba, shi ne a Pro ba sai ka ce Start Editing ba kamar ArcMap, kana shiga Edit ka ja abu ya jawu. Sabon hannu fa? Kar ya matsar da iyakar filin mutane bai sani ba.

Na Wuse:
Haka yake zuwa amma ana canzawa, Options wajen Editing akwai inda za ka sa alama sai maɓallin kunna gyara da kashewa ya fito a shafin Edit, daga nan ba mai taɓa komai sai ya kunna. Kuma ko ya ja, bai zauna ba sai ya danna Save na shafin Edit, wanda daban yake da adana farojet, wannan ka nanata musu sosai don nan sababbi ke ruɗewa, mutum ya adana farojet ya ɗauka ya adana zanensa. In kuma ka cire alamar leyar a List By Editing shikenan ta kullu.

Baba Safiyo:
A QGIS kuwa fensir yana nan a kan sunan leyar kana ganinsa, in babu fensir ba abin da zai motsa. Harkar fili ba wasa ba ce ɗana, mita ɗaya a Rayfield ka san abin da take jawowa tsakanin maƙwabta.

Abba Kofa:
Tunda an zo nan dan Allah, an ba ni kodinet na wasu bikon na zuba su a kan hoton Google sai na ga duk sun kauce sun hau kan titi, ribon ne ko tulba ya jawo wannan? hhh

Baba Safiyo:
Ba ko ɗaya, datum ne, wato tushen awon da aka ɗora kodinet a kai. Kodinet ɗinka na datum ɗin Minna ne kai kuma ka ce wa manhaja na datum ɗin WGS 84 ne, tsakaninsu akwai gomman mitoci. Jos da Abuja duk zon 32 muke, na Minna lambarsa 26332, na WGS 84 kuma 32632, ka ga lambobin kamar tagwaye shi ya sa ake ta faɗawa. In kuma tsohon fulan ne mai Mid Belt wannan 26392 ne. Ka tambayi wanda ya ba ka. Kuma ga abin da nake faɗa, a QGIS lambar tana nan a kusurwar ƙasa ta dama kullum tana kallonka, ka danna ta ka canza, ba sai ka je Properties na taswira ka tono ta ba.

Maman Ilham:
Baba wannan ai layin ƙasa ne ba tulba ba, kar a ci da rabonmu.

Admin:
Jama'a maganar datum a buɗe mata nata zaren dan Allah, in aka fara ta nan ba za a tashi ba sai asuba. A dawo kan tambayar Ɗan Bukur.

Na Wuse:
Toh ni abin da zan ƙara, ko muna so ko ba ma so ArcMap ya tsaya a 10.8.2, Esri ta sa Maris 2026 a matsayin ƙarshen tallafinsa, 32-bit ne kuma Python 2.7 yake amfani da shi wanda shi ma an daina kula da shi. Duk wanda zai nemi aiki a inda ake amfani da kayan Esri, ma'aikatun filaye ne ko kamfanonin mai ko ƙungiyoyin agaji, ribon zai tarar, tsofaffin fayilolin ArcMap na mxd ma shigo da su ake cikin Pro. Kenan yaran nan in ofis ɗinsu Pro gare su ka koya musu Pro kawai, tunda sun san Word idonsu ya riga ya saba da shafuka.

Injiniya:
In na'urorin za su ɗauka ba. Pro Windows kawai yake hawa kuma mafi ƙaranci 8GB yake nema, da katin hoto mai ɗan ƙarfi, QGIS kuwa har tsohuwar na'ura mai Linux yana lallaɓawa. Ka fara duba abin da ke kan teburansu kafin ka yanke. Kuma ba kowa ne ya bi ribon ba, Global Mapper da masu aikin tudu da kwari ke so har yau tulba ne.

Ɗan Bukur:
Na duba, biyu ne kawai masu ƙarfi sauran sai a hankali. Ina ga masu zanen yau da kullum zan sa musu QGIS da ɗan tsarin nan na Injiniya, waɗanda za su riƙa haɗa taswirar ƙarshe da rahoto su zauna kan Pro a manyan na'urorin, fayilolin taswira irin su shefayil da GeoPackage ai duk suna buɗewa a ko'ina. Injiniya dan Allah a taimaka min da fayil ɗin.

Malama Jogarafi:
Ka dai bar musu furofayil ɗaya cikakke da ba a ɓoye komai ba, ko ranar Juma'a bayan masallaci su riƙa shiga suna taɓe-taɓe.

Injiniya:
Zan turo maka in na isa gida, amma ka tabbata sigar da ke na'urorin ɗaya ce, ka sa musu LTR duka, wato sigar QGIS da ake daɗewa ana kula da ita, kar wani ya sauke sabuwa, kuma sai an rufe manhajar an sake buɗewa tsarin ke kamawa.

Baba Safiyo:
Injiniya tunda kana kusa, 'yan hotunan nan na QGIS sun yi min ƙanana a sabon laftof ɗin da yaro ya kawo min, sai na sa tabarau na matso kafin in bambance fensir da na adanawa. Akwai yadda ake yi?

Injiniya:
Akwai Baba. Settings, Options, General, za ka ga Icon size yana kan 24, mayar da shi 32 ko 48.

Baba Safiyo:
Na sa 48, yanzu kam ina ganinsu tar. Sai dai rabinsu sun gudu bayan 'yar kibiyar nan biyu, har da maganaɗisun.

Maman Ilham:
Baba in turo maka Pro ne? Namu manya ne kuma da sunansu a ƙasa hhhh

Baba Safiyo:
Riƙe abinki 'yata. Injiniya ya ake kashe na Mesh da na Database ɗin nan in samu wuri?